Sunana ne laifina? Oda ta kwana 19 a hannunsu

Mai Gyara Farm Centre: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau sai na amayar da abin da ke cina, domin na gaji da haɗiye shi. Duk wanda ya san shagona ya san gyaran allon cikin waya nake yi, ba canjin sikirin kaɗai ba. Idan waya tana shanye batir tana kashe, sai na buɗe ta, na ba ta wuta, na riƙa bin ƙananan kayan cikinta da bayan yatsa ina neman wanda ya ɗau zafi. Wani lokaci sai na ɗiga sifirit na zuba ido in ga inda zai fara bushewa. Waya ɗaya takan cinye mini yini. Shi ya sa na yi wata 7 ina tara kuɗi don in sayi 'yar kyamarar nan mai nuna zafi, wadda da ka haska allo za ka ga wurin da ya lalace ya yi jajir.

Na yi oda daga wani kanti a Amurka, dala 340 har da kuɗin aikowa. Suka cire kuɗinsu. Bayan kwana 2 sai ga imel: wai sunana ya yi kama da wani suna a jerin mutanen da gwamnatinsu ta hana a yi ciniki da su. In turo hoton fasfo, in faɗi ranar haihuwata, in sa hannu a takardar da ke bayanin abin da zan yi da kayan da kuma cewa ba zan sayar wa wata ƙasa ba. Na tura a daren. Shiru. Na sake turawa. Shiru. Yau da asuba suka ce sun soke odar, kuɗi zai dawo. Ba dalili, ba ban-haƙuri.

Ni da ko Kwatano ban taɓa zuwa ba, Amurka ta saka ni a jerin 'yan ta'adda. Wannan wariya ce tsagwaronta, kuma ina so in ji wanda zai ce ba ita ba ce. Sannan ku gaya mini yadda zan wanke sunana.

Maman Ummi: Innalillahi. Sannu Malam, Allah ya mayar da alheri.

Ɗan Maraɗi: Wa alaikumus salam. Haƙuri ɗan'uwa, abin da ciwo.

Ma'aikacin Banki: Sannu da haƙuri Yaya. Amma bari in gyara abu ɗaya, domin wannan shi ne aikin da nake yi kullum daga safe zuwa la'asar. Ba a saka ka a ko'ina ba. Akwai ofishi a Ma'aikatar Baitulmalin Amurka da ake kira OFAC, yana da jerin mutane da kamfanonin da aka haramta wa Ba'amurke yin hulɗar kuɗi da su. Ma'aikatar Kasuwancinsu ma tana da nata jerin na waɗanda ba a aika wa kayan fasaha. Duk kantin da ke fitar da kaya waje, manhajarsa tana gwada sunan mai saye da waɗannan sunaye kafin a ɗaure kwali.

To a watan Maris na 2022 OFAC ta saka 'yan Najeriya 6 da kotun Abu Dabi ta ɗaure kan aika wa Boko Haram dala 782,000 daga Dubai. Ji sunayen: Abdurrahman Ado Musa, Salihu Yusuf Adamu, Bashir Ali Yusuf, Muhammed Ibrahim Isa, Ibrahim Ali Alhassan, Surajo Abubakar Muhammad. Ka karanta su da kyau ka gaya mini ko akwai layin da za ka shiga a Kano ka rasa masu irinsu. Wani aka saka, inuwarsa ta faɗo kanka. Wannan kuskuren tantancewa ne, kalmar wariya ba ta shiga nan ba.

Mai Gyara Farm Centre: Biyu daga cikin sunayena uku suna jikin ɗaya daga cikin waɗannan. Yanzu na gani.

Injiniyan Gobe: Yallaɓai da girmanka, yaya za ka ce ba wariya ba ce? Mutum ya biya kuɗinsa, an ware shi gefe saboda sunan da aka raɗa masa ranar suna. Ware, wariya. Ai kalmar ma ita ta fassara kanta.

Ma'aikacin Banki: Manhaja ba ta san addini ba ƙanina. Haruffa take ƙirgawa.

Injiniyan Gobe: Wa ya rubuta manhajar? Wa ya cika jerin da sunayen Muhammad da Ali da Ibrahim? Wa ya yanke cewa suna biyu sun isa a tsayar da mutum? Daga sama ta faɗo?

Antin Houston: Ku bari in sa baki, tunda ni a ƙasar nake zaune shekara da shekaru. Wannan abu yana faɗa wa kowa. Akwai wani mutum Sergio Ramirez, a 2011 ya je sayen mota ƙirar Nissan a Kalifoniya tare da matarsa, aka ce ba za a sayar masa ba domin kamfanin TransUnion ya nuna sunansa ya yi daidai da na jerin OFAC. Sunan farko da na ƙarshe kawai suka gwada, ko ranar haihuwa ba su duba ba. Sai da matarsa ta sayi motar da sunanta. Ya kai ƙara a madadin mutum 8,185 da aka yi wa irin wannan tambarin, maganar ta kai Kotun Ƙoli a 2021. Ramirez Bahaushe ne? Musulmi ne? Jerin cike yake da sunayen dillalan ƙwaya na Meziko da Kolombiya, da Rashawa. Har Sanata Ted Kennedy an tare shi a filin jirgi sau 5 a 2004 saboda wani suna mai kama da nasa. Don Allah mu daina jefa kalmar wariya a kan komai.

Injiniyan Gobe: Anti, Kennedy ya ɗaga waya ya kira ministan tsaron cikin gida aka gyara masa. Yayanmu wa zai kira? Kuma a waccan shari'ar da kika kawo, kotu cewa ta yi mutum 1,853 kaɗai ke da hurumin neman diyya, sauran aka sallame su. Tunda kina son misali, a jihar Jojiya a 2012 wata yarinya Sahar Sabet, 'yar ƙasar Amurka, ta shiga shagon Apple da kawunta za su sayi iPad. Mai shagon ya ji suna Farisanci ya ƙi sayar musu. Ita ma haruffa aka ƙirga?

Antin Houston: Wannan ma'aikaci ne guda ya yi gaban kansa, dokar takunkumin Iran ya fassara a karkace.

Injiniyan Gobe: To dokar ce ta ba shi wuƙar.

Baba Tsohon Kwastan: Yara, ku saurara. Ni na yi wayo lokacin da ake kiran abin da ke faruwa a Afirka ta Kudu mulkin wariyar launin fata. A Shafbil a 1960 an harbe mutum 69 saboda sun ƙi yawo da takardar izinin shiga gari a ƙasar kakanninsu. Mandela ya yi shekara 27 a kurkuku. Najeriya ta ƙaurace wa wasannin Kwamanwel na 1978 a kan wannan. Wannan ita ce wariya. Kalma ce mai jini a jikinta. Idan kuka ɗora ta a kan kyamarar dala 340, ranar da ta gaske ta zo da me za ku kira ta? Abin da aka yi wa yaron nan wulaƙanci ne, na yarda. A ce wulaƙanci.

Ɗan Maraɗi: Baba ranku ya daɗe, ai wariya hawa-hawa ce. Idan uwa ta zuba wa 'ya'yanta tuwo ta bar ɗan riƙo da ƙanzo, ba a harbi kowa ba, amma duk unguwa wariya za ta kira shi.

Baba Tsohon Kwastan: Wannan son kai ne ɗana, ba wariya ba.

Ɗan Maraɗi: A wurinmu dai wariya muke cewa Baba.

Maman Ummi: Ni a ganina tsangwama ta fi dacewa.

Injiniyan Gobe: Tsangwama sai an san ka an bi ka. Wannan ba su san shi ba, ajinsa suka sani.

Ma'aikacin Banki: To ka gani, da bakinka ka ce ba su san shi ba. Yaya za ka ware wanda ba ka sani ba?

Injiniyan Gobe: Kamar yadda a Janairun 2010, bayan abin da Umar Faruk Abdulmutallab ya yi yunƙurin yi a jirgin Ditiroyit, aka sa Najeriya cikin ƙasashe 14 da ake yi wa fasinjojinsu binciken musamman. Sun san kowane ɗan Najeriya ne a lokacin? Mutum ɗaya ya janyo wa ƙasa guda. Wake ɗaya ya ɓata gari, amma su suka zaɓi su zubar da garin duka.

Ɗan Maiurno: Salamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu, zuciyata tana tafasa. Ku 'yan Najeriya kuna jayayya a kan oda ɗaya. Mu Hausawan Sudan a ciki aka haife mu. Tun 1993 Amurka ta sa Sudan a jerin ƙasashen da ke tallafa wa ta'addanci, a 1997 ta ƙaƙaba takunkumin ciniki. Ba sunanka ake dubawa ba, ƙasar gaba ɗaya aka rufe. Ina jami'a a Khartum, in ka sayi waya ba ka iya sauke manhaja daga rumbunta sai ka ɓoye inda kake. Shafukan karatu da yawa da sun ga daga Sudan kake sai su rufe ƙofa. Kwamfuta sai wani ya riƙo maka a jaka daga Dubai ko Jidda, ka biya ninki. Sai a Fabrairun 2015 suka halatta shigo da wayoyi da kwamfutoci na amfanin kai. Aka ɗage takunkumin a Oktoban 2017, aka cire mu daga jerin a Disamban 2020, amma kantuna da bankuna da yawa ba su sake hali ba, domin sun ga yadda aka ci bankin BNP Paribas na Faransa tarar kusan dala biliyan 9 a 2014 a kan hulɗa da Sudan da Iran da Kyuba. Shugaban ƙasarmu na lokacin, Umar al-Bashir, bai taɓa rasa waya ba. Mu muka rasa.

Saboda haka Baba, da girmanku, ni na ga abin da idona, kuma wariya nake kiransa.

Antin Houston: Allah sarki, Allah ya kawo muku zaman lafiya a Sudan. Amma ɗan'uwa ka faɗi gaskiya duka. Usama bin Ladan a Khartum ya zauna daga 1991 zuwa 1996. Sannan ga abin da aka yi a Darfur. Ba haka kawai aka wayi gari aka sa takunkumi ba.

Ɗan Maiurno: Ni na saukar da shi? Ina da shekara nawa a lokacin? Ke kina can kina cin albashinsu, dole ki ga kyansu.

Antin Houston: Kai, ka iya bakinka. Ni ma'aikaciyar jinya ce, guminna nake ci, tsayuwar awa 12. Kuma duk wata ina aika kuɗi gida, ni ma an sha riƙe mini saƙo saboda sunan ƙanina. Ba ka fi ni sanin zafin abin ba.

Ɗan Maiurno: To in an riƙe miki, me ya sa kike kare su?

Antin Houston: Ba kare su nake ba, kalmar ce ban yarda da ita ba!

Alhaji Na Gwanzo: A matsayina na mai kula da zauren nan, ina roƙo a daina taɓa mutuncin juna. Ɗan Maiurno, Hajiya yayarka ce, ka janye maganar albashi.

Ɗan Maiurno: Na janye Alhaji. Anti ki yafe ni, raɗaɗi ne. Amma ban janye wariya ba.

Ma'aikacin Banki: Bari in nuna muku dalilin da ya sa ragar take kama kifin da ba a nema. Dokar OFAC ba ta tambayar ko ka yi da gangan. Ko da kuskure ka sayar wa wanda ke jerin, tara ta hau kanka. A Nuwamban 2019 Apple ya biya kusan dala 467,000 saboda manhajarsa ta kasa gane cewa SIS DOO da SIS d.o.o. kamfani ɗaya ne na ƙasar Sulobeniya da ke cikin jerin, bambancin manyan haruffa da ɗigo kawai. A Yulin 2020 Amazon ya biya dala 134,523, kuma cikin laifukansa akwai odar da aka rubuta sunan yankin Kirimiya, wanda ke ƙarƙashin takunkumi, da K maimakon C ta wuce ba a gani ba. To in kai ne mai kanti, me za ka yi? Sai ka saki ragar ta yi faɗi, duk abin da ya yi kama a tsayar. A teburina kullum ina ganin jan layi a kan sunaye, kusan duka in na buɗe sai in ga ranar haihuwa ta sha bamban, ƙasa ta sha bamban, in sake su. Amma ni ana biyana in buɗe. Kantin da ribarsa a kan odar Yaya ba ta wuce 'yan daloli ba, ba zai zaunar da lauya a kanta ba. Sokewa ta fi masa arha. Lissafi ne.

Ɗan Maraɗi: Nan ne mu abin ya fi cin mu. Suna ɗaya a takardunmu na Nijar yana fitowa Mahamadou, Mohamed, Mamane, Mahamane. Usman ya koma Ousmane, Isa ya koma Issa. Manhajar da aka ce ta kama duk mai kama, da wanne za ta bar mu? Kuma yawancinmu sunan uba muke sawa a matsayin na biyu, ba sunan dangi ba. Garin nan kowa Ibrahim ne ko ɗan Ibrahim.

Injiniyan Gobe: Yauwa! Lissafin da kullum a kan mutane iri ɗaya yake faɗuwa, sunansa wariya. Ba sai an yi niyya ba.

Baba Tsohon Kwastan: Ayyuka da niyya suke ɗana.

Injiniyan Gobe: Baba wannan a lada da zunubi ne. Wanda mota ta take bisa kuskure ai ƙafarsa ta karye dai.

Baba Tsohon Kwastan: Amma ba za a ce direban ya yi kisan kai da gangan ba, shari'a ma ta raba su. Kuma ku da kuke ta Amurka Amurka, mu nan ba mu da namu? Na yi shekara 31 a bakin aiki. Ka shigo da ɗan jirgin nan marar matuƙi da masu ɗaukar hoton biki ke amfani da shi ba tare da takardar shaidar mai amfani daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro ba, ka ga ko zai fita daga tasha. Muna da kwamitin takunkumi namu a ƙarƙashin dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022, shi ma yana fitar da sunaye. Kowace ƙasa tana tsare ƙofarta. Sannan ita kyamarar zafin nan ba abin wasa ba ce a wurinsu, da irinta sojoji ke ganin mutum cikin duhu.

Ma'aikacin Banki: Gaskiya ne Baba. Wadda ke ɗaukar hoto fiye da sau 9 a daƙiƙa tana da ƙa'idar fitarwa mai tsauri. Shi ya sa ƙananan da ake sayar wa masu gyara ake taƙaita su a 9 ko ƙasa da haka.

Mai Gyara Farm Centre: Tawa ƙaramar ce, wadda ake maƙalawa a gindin waya. Ko kaza ba za ta hango daga nesa ba. Kuma ba su ce kayan ne matsala ba, sunana suka ce.

Alhaji Na Gwanzo: Ni abin da ban gane ba, me ya kai ka Amurka tun farko? Shekarata 16 ina zuwa biranen Gwanzo da Shenzen a ƙasar Sin. Irin wannan kyamarar tana nan jibge a kasuwar Huaqiangbei, wasu ma da sandar ɗorawa a kan teburin gyara aka ƙera su. Ka ba ni kuɗinka, kago ya kawo maka cikin sati 2, ba mai tambayar sunan kakanka. Kuma ku duba abin da suka yi wa Huawei a Mayun 2019, suka sa shi a jerin Ma'aikatar Kasuwanci, sabbin wayoyinsa suka rasa manhajojin Google. Kamfani guda mai ma'aikata dubbai. Wanda ya yi wa giwa haka, kai mai shago ɗaya me zai ɗauke ka?

Antin Houston: Alhaji da girmanka, a Gwanzon nan ne a Afrilun 2020 aka riƙa fitar da baƙaƙen fata daga gidajen haya da otal-otal da sunan korona, suka kwana a titi da jakunkunansu. Har Shugaban Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa bidiyo. In ana neman abin da ya cancanci sunan wariya, ga shi nan, launin fata aka duba ƙiri-ƙiri.

Alhaji Na Gwanzo: Wannan lokacin annoba ne Hajiya, kowa ya ruɗe, kuma an sasanta.

Antin Houston: Wato na Sin ruɗewa ne, na Amurka mugunta?

Alhaji Na Gwanzo: Ni dai ban taɓa biyan kuɗi a can aka ce in kawo fasfo kafin a ba ni caja ba.

Maman Ummi: Alhaji amma kayan naku ba ya ƙarko. Kwamfutoci 4 na saya wa ɗalibai ta hannun wani mai zuwa can, biyu ba su kai zangon karatu ɗaya ba.

Alhaji Na Gwanzo: Kuɗinki ne ya zaɓa miki Hajiya. A can akwai na ɗaya akwai na uku. iPhone ɗin da ake alfahari da shi ma ai a Sin ake harhaɗa yawancinsa.

Ɗan Maraɗi: Tecno ta riƙe talaka, wannan ba a musu.

Injiniyan Gobe: Ba maganar Tecno ake ba jama'a.

Mai Gyara Farm Centre: Don Allah jama'a. Saƙo ya fi 40, har yanzu ba wanda ya amsa tambayata. Yaya zan yi in wanke sunana? Gobe in na tashi sayen wani abu haka za a sake yi mini?

Ma'aikacin Banki: Yi haƙuri Yaya. Ba za a cire ka daga jerin da ba ka ciki ba, wannan shi ne ɗacin abin. Wanda ke ciki yana da ƙofar da zai buga. Marigayi Ahmed Idris Nasreddin mai kamfanin Nasco na Jos an saka shi a 2002, ya bi hanya aka cire shi a 2007. Kai mai kama da suna ba ka da fayil ɗin da za a rufe. Abin da za ka iya: OFAC tana da shafin bincike kyauta, ka rubuta sunanka ka ga wanda ya fito, da shekarar haihuwarsa da sauran bayanansa. In za ka yi oda, rubuta sunanka cikakke yadda yake a fasfo, ya zo daidai da na katin banki. In sun tsayar, ka tura musu da kanka cewa ga wanda kuke nufi, ga bambancinmu. Kuma ka sa adireshinka na gaskiya. Adireshin kamfanin tura kaya a matsayin inda kaya za su tsaya yana cikin alamomin da aka ce masu kanti su yi hattara da su, musamman tun 2022 da ake bin sawun kayan lantarki masu zagayawa zuwa Rasha.

Mai Gyara Farm Centre: Adireshin ejan ɗin kago na sa, domin aikowa kai tsaye ya fi tsada.

Ma'aikacin Banki: To ka ga abu biyu sun haɗu.

Ɗan Maraɗi: Ka yi da sunan maiɗakinka kawai ɗan'uwa, kamar yadda matar Ramirez ta yi.

Ma'aikacin Banki: A'a! Kada ka soma. An riga an tsayar da kai, in ka dawo da wani suna a kan kaya ɗaya da adireshi ɗaya, ka mai da kanka abin zargi na gaske, ka kuma jawo baiwar Allah ciki.

Baba Tsohon Kwastan: Kuma ƙarya ce. Takardar tana tambayar wanda zai yi amfani da kayan. Matarsa gyaran waya take yi?

Ɗan Maraɗi: Baba ai dabara ba ƙarya ba ce. Wanda aka zalunta ya nemi mafita.

Maman Ummi: Ni dai ba zan yarda maigida ya sa sunana a abin da ya shafi jerin 'yan ta'adda ba, ko da wasa. Ku bar mata daga ciki.

Ɗan Maiurno: Mu shekara 20 da irin wannan dabarar muka rayu, in ba haka ba ko waya ba za mu riƙe ba. Wanda bai sha ba shi ke kiranta ƙarya.

Baba Tsohon Kwastan: Larura daban, wannan daban. Yaron nan ba yunwa za ta kashe shi ba.

Injiniyan Gobe: Sana'arsa ce Baba, da ita yake ciyar da gida.

Alhaji Na Gwanzo: To jama'a dare ya yi, bari in tattara abin da zaure ya cimma kafin in rufe wannan batu. Na farko, kowa ya yarda an zalunci ɗan'uwanmu, kuma mafi yawan waɗanda suka yi magana sun tafi a kan cewa wariya ce, in ban da mutum biyu ko uku da ke da alaƙa da tsarin. Ɗan'uwanmu na Sudan ya kawo hujjar da ba wanda ya iya rushewa. Ma'aikacin Banki da bakinsa ya tabbatar cewa ba yadda za a yi mutum ya wanke sunansa a wurinsu, wato ƙofar a rufe take. Saboda haka shawarar zaure ita ce 'yan kasuwarmu su daina kai kuɗinsu inda ake tuhumarsu, su fuskanci Sin inda ake karɓar mutum da kuɗinsa. Maganar 2020 ba ta cikin batunmu, na bar ta. Duk mai son kyamarar ko wani kayan gyara ya same ni ta gefe, akwai kaya masu tasowa ƙarshen wata. Allah ya sa mu dace.

Antin Houston: Alhaji wannan ba shi ne abin da aka faɗa ba. Ni da Baba da Ma'aikacin Banki da Maman Ummi mun ƙi kalmar, mu huɗu ke nan. Wace alaƙa Baba yake da ita da tsarin?

Ma'aikacin Banki: Kuma ban ce ƙofa a rufe take ba, na faɗi matakan da zai bi.

Baba Tsohon Kwastan: Wulaƙanci na ce, a rubuta haka.

Injiniyan Gobe: Wariya ce Baba.

Mai Gyara Farm Centre: Na shiga shafin da Ma'aikacin Banki ya faɗa, na rubuta sunana. Mutumin ya fito, ba shekararmu ɗaya ba. Na ɗauki hoton shafin na haɗa da fasfona na sake tura wa kantin, na ce in za su karɓa zan sake odar da adireshin shagona. Kuɗin dai bai shigo ba tukuna. Akwai wayar wata baiwar Allah a teburina tun ranar Litinin, hotunan mahaifinta marigayi ne a ciki, tana zuwa kullum bayan azahar ta tsaya a bakin shago. Gobe da safe zan sake bin allon da sifirit.